Babi na 7: Ma'aunin Asara a Hannun Mai Biya

Daminar ƙasar Arewa, yankin Dogon Dutsi a Nijar, da iska take farawa. Daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni hadari yakan haɗo ta gabas, ya turo jar ƙura a gabansa, kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa iskar ta riga ta yi ɓarnarta: ta yaye kwanon ɗaki a Dogon Dutsi, ta ɗauke rufin aji a Matankari ko Kore Mairuwa, ta kwance jinkar rumbu a ƙauyukan Geceme da Dumega. Idan Agusta ya kama sai malka ta karɓa. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun da suka yi wa Dutsi ƙawanya ya bi koramu ya nufi Tapkin Saw, bangon ƙasa ya sha ya ƙoshi, azara ta rasa madogara, soro ya zauna. Ba'are, mutumin Arewa, ya saba da wannan tun kaka da kakanni. Abin da ya sauya shi ne ƙarfin abin da yawansa. Wani bincike da aka buga a mujallar kimiyya ta Nature a 2017 ya nuna cewa guguwowin Sahel mafi tsanani sun ninka sau uku tun daga 1982. A daminar 2024 kaɗai, alƙaluman gwamnatin Nijar sun ce kusan mutum 400 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya da rabi kuma ɓarnar ta shafa, har sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda azuzuwa sun rushe, waɗanda suka tsira kuma sun zama mafakar marasa muhalli.

Bayan kowace irin wannan ɓarna akwai baƙon da ke biyo baya, riƙe da takarda da alƙalami. Wani lokaci mai ƙiyasi ne da kamfanin inshora ya turo daga Doso ko Yamai, wani lokaci kuma ɗan kwamitin ƙidayar asara ne daga ma'aikatar magajin gari. Zai zagaya gidan, ya ɗaga kai ya dubi inda rufi yake a da, ya rubuta lamba, ya tafi. Daga wannan lambar duk abin da mai gida zai samu yake fitowa, kuma sau da yawa bai ga abin da aka rubuta ba, ba a karanta masa ba, bai san da wane ma'auni aka auna ba. Hujjar wannan babi guda ɗaya ce: rigimar diyya a wurin awo ake cin ta ko a faɗi, saboda haka bai halatta mai biya ya zama shi kaɗai ne mai awo ba. A kasuwar Dutsi ba wanda ke yarda a auna masa gero a bayan idonsa. Tiya a tsakiya take, mai saye yana kallo, mai sayarwa yana kallo. Asarar rufin gida ta fi buhun gero nauyi, ita ce kuma aka bari ana aunawa a ɓoye.

Kafin a shiga lissafi ya kamata a san wa abin ya shafa. Inshora a Nijar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasa ba, kuma yawancin mutanen Arewa ba su san ta ba sai ta mota, wadda doka ta tilasta, jandarma kuma yake tambaya a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Dutsi ta nufi Ƙonni. Waɗanda suka sa gini a inshora 'yan kaɗan ne: mai babban shago, mai gidan mai, ƙungiyar manoma mai mangazar albasa ko wake, makarantar kuɗi, da wanda banki ya gindaya wa sharaɗi kafin ya ba shi bashi. Amma ƙarancinsu bai rage nauyinsu ba, domin rufin mangaza ɗaya yana kāre amfanin gonar gidaje da yawa. Dokar da ke kansu ba ta Nijar kaɗai ba ce. Ranar 10 ga Yuli 1992 aka sa hannu a Yawunde kan yarjejeniyar da ta kafa CIMA, hukumar da ke haɗa kasuwannin inshora na ƙasashen Afirka 14, mai hedkwata a Libarbil ta Gabon, kundin dokokinta kuma ya fara aiki a 1995. Da shi ake hukunci tsakanin ɗan kasuwar Tibiri da kamfaninsa, kamar yadda ake yi a Dakar ko Abijan. Kundin ya ba mai asara makamai da dama, sai dai da Faransanci aka rubuta shi, kuma ɓangare ɗaya ne kawai ya haddace shi.

Yanzu a dubi yadda lamba take ƙanƙancewa. A ce iska ta yaye rufin wani shago, kafinta da magini suka ce mayar da shi zai ci sefa 1,000,000. Mai ƙiyasi zai fara da cire kason tsufa: kwanon ya shekara, ya yi tsatsa, don haka a ce ya zabge kashi 30 cikin ɗari, saura 700,000. Daga nan zai tambayi darajar ginin gaba ɗaya. Idan mai shago ya sa shi a kan miliyan 6 shekarun baya, yau kuma tsadar siminti da ƙarfe ta kai shi miliyan 10, sashe na 35 na kundin yana ɗaukar mai shago a matsayin wanda ya riƙe wa kansa ragowar haɗarin, sai dai in yarjejeniya ta ce akasin haka. Kashi 60 kawai za a biya, 700,000 ta koma 420,000. Sannan a cire kason da yarjejeniya ta ɗora wa mai dukiya a kowace asara, a ce 50,000, ya rage 370,000. Kowane mataki a cikin ukun nan yana da madogara a doka, kuma asalin ƙa'idar, wadda sashe na 31 ya kafa, adalci ce: diyya ba ta wuce darajar abin da aka rasa a ranar da aka rasa shi, don kada masifa ta zama sana'a. Amma a lura da inda ƙofa take. Doka ba ta faɗi cewa kwano mai shekara takwas ya tsufa da kashi 30 ba; ra'ayin mutum ɗaya ne. Miliyan 10 ɗin ma ra'ayinsa ce. Haka farashin kwano: na Yamai ya ɗauka ko na Dutsi, wanda kuɗin mota ya hau kansa? Ya ƙirga katako da ƙusa da ladan kafinta? Ya ƙirga saman bangon da kwanon ya ɓamɓare da zai tashi, da kayan da ruwa ya jiƙa a daren? Duk lambar da aka gina a kan ra'ayi ana iya ja da ita.

Ƙofa ta biyu ta fi wannan faɗi, ita ce ta musabbabi. A tsarin da aka gada daga Faransa, kāriyar guguwa takan zo ne a matsayin ƙari kan inshorar gobara, ambaliya kuma sau da yawa tana waje sai in an ambace ta. To idan da safe aka tarar rufi a ƙasa, bango a kife, me ya fara? In iska ce ta yaye kwano ruwa ya samu hanya, kamfani zai biya. In ruwan korama ne ya ci gindin bango rufi ya biyo shi, zai ce ba ruwansa. In ya ce katakon ruɓaɓɓe ne ko ƙusoshin sun yi kaɗan, laifi ya koma kan mai gida da magininsa. Irin wannan gardama ta iska da ruwa ce ta cika kotunan Amurka shekaru bayan guguwar Katrina ta 2005, a ƙasar da ma'aunin iska ke ko'ina. A Arewa na'urorin auna ƙarfin iska ba su yawaita ba, guguwar da ta daki Sukukutan kuma tana iya wucewa ba ta motsa ganye a Dutsi ba. Amma yarjejeniyoyi da yawa irin na wannan tsari suna karɓar wata hujja: cewa iskar ta lalata wasu gine-gine masu ƙwari ko ta tuge itatuwa a kewayen. Ma'ana, rufin maƙwabci da gawon da ya faɗi a bakin hanya shaidu ne, in an ɗauki hotonsu kafin a share, mai unguwa kuma ya sa hannu a kan rana da lokaci.

Abin da kundin ya ba mai asara ya fi abin da aka saba faɗa masa yawa. Sashe na 12 ya ce wa'adin kai rahoton irin wannan asara ba zai gaza kwana biyar na aiki ba, kundin kuma ya ce ko mutum ya makara, ba a soke haƙƙinsa sai kamfani ya nuna cewa jinkirin ya cutar da shi. Sashe na 8 ya ce duk sharaɗin da ke cire wani abu daga kāriya ba ya aiki sai an rubuta shi da haruffa fitattu da ido ba zai tsallake ba. Sashe na 28 ya ba da shekara biyu don shigar da ƙara, naɗa mai ƙiyasi ko aika wasiƙar neman biya mai rajista kuma yana katse ƙirgar. Yarjejeniyoyin dukiya sukan ba mai asara damar ɗaukar nasa mai ƙiyasin, in biyun suka saɓa su kira na uku ya raba gardama. Bayan wannan akwai ofishin sa ido kan inshora a ma'aikatar kuɗi a Yamai, akwai kuma kotu. Abu ɗaya ke rufe duk waɗannan ƙofofi lokaci guda: sa hannu kan takardar da ke cewa an karɓi cikakken biya, ba sauran magana. Mutumin da iyalinsa ke kwana a ƙarƙashin leda, hadari kuma yana sake haɗowa, shi ne ya fi kowa saurin sa hannu. Don haka ya nemi a rubuta cewa abin da ya karɓa kafin alƙalami ne, sauran lissafi yana nan, ya kuma nemi kwafin rahoton mai ƙiyasi kafin ya yarda da komai.

Wanda ke ganin ja da lamba aikin mai taurin kai ne ya dubi abin da ya faru tsakanin gwamnatoci. A 2012 Tarayyar Afirka ta kafa ARC, asusun inshorar ƙasashe kan fari, wanda ke biya bisa lissafin ruwan sama da tauraron ɗan'adam ke aunawa. Nijar na cikin ƙasashen farko da suka shiga, kuma a farkon 2015 ta karɓi kimanin dala miliyan 3.5 bayan ƙarancin ruwan 2014. Malawi kuwa ta biya kuɗinta, fari ya cinye masararta a 2016, amma lissafin ya nuna ba a kai ga matakin biya ba. Mutanen da ke ganin gonaki da idonsu suka ƙi yarda. Da aka sake bincike sai aka gano an ciyar da lissafin da bayanin irin masara mai dogon zango, alhali manoma sun koma shuka mai gajeren zango. Aka gyara, aka biya Malawi dala miliyan 8.1, bayan watanni na jira da yunwa. Ba a kama kowa da sata ba a wannan lamari. Ma'aunin ne aka gina a kan zato mara tushe, kuma da ba a ɗaga murya ba da kuskuren ya zauna a matsayin gaskiya. In tauraro da kwamfuta da ƙwararru suna iya kuskure haka, mutum ɗaya da ya shigo gida na rabin sa'a ya fi kusa da yin sa.

Ga mafi yawan gidajen Arewa, abin da ke tsaye a gurbin inshora shi ne agajin hukuma da na ƙungiyoyi, kuma a nan ma komai a kan jerin sunaye ya rataya. A 2016 Nijar ta ware ma'aikata ta musamman don ayyukan jinƙai da bala'o'i, akwai kwamitocin gargaɗi a ƙauyuka da na sa ido a ƙananan hukumomi, kuma alƙaluman da ke isa Yamai daga hannunsu suke tasowa: gidajen da suka rushe, rumbuna, azuzuwa, dabbobi, kadadar gona. Matsalar tana cikin gurabun takardar. Ɗakin da rufinsa ya tashi bangonsa na tsaye bai rushe ba a ido, amma ba a kwana a cikinsa, kuma ruwa biyu masu zuwa za su ƙarasa shi. Babban gida mai magidanta huɗu ana iya rubuta shi gida ɗaya. Gwauruwar da ke zaune a ɗakin gefe, da matar da mijinta ke ci-rani a Legas ko Kwatano, sukan ɓace a ƙarƙashin sunan wani. Kuma kwanon nan da ya tashi, a gidaje da yawa gumin ci-rani ne na shekara biyu ko uku, tabarma da bargo da buhun hatsi ba su mayar da shi, duk da amfaninsu a makon farko.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Ta farko ta addini ce da tarbiyya: iska daga Allah take, wanda aka jarraba ya yi haƙuri, kyauta kuma ba a raina ta. Gaskiya ne iska ƙaddara ce. Lambar da ke kan takarda kuwa hannun mutum ne ya rubuta ta, kuma yarda da ƙaddara bai taɓa nufin yarda da tauye mudu ba. Sura guda a Alƙur'ani da gargaɗin masu tauye awo ta buɗe, aya mafi tsawo a cikinsa kuma a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Diyyar kamfani bashi ce da aka riga aka biya kuɗinta, domin tun 2011 kundin CIMA ya hana kāriya ta fara sai an biya kuɗi tukuna. Agajin hukuma kuma daga baitulmali yake fitowa da sunan waɗanda abin ya shafa. Wanda ya nemi a gyara sunansa a jeri bai yi butulci ba, ya taimaki mai rabo ne ya sauke amana daidai.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: mutane suna ƙara gishiri. Akwai mai nuna tsohon kango ya ce daren jiya ya faɗi, akwai mai rubuta ɗansa da ƙanensa a matsayin magidanta dabam, kuma duk sefar da maƙaryaci ya ci daga bakin mai gaskiya aka cire ta. Wannan haka yake. Sai dai maganin da ake sha yanzu, wato a zabge wa kowa don tsoron maƙaryaci, mai gaskiya kaɗai yake hukuntawa, domin maƙaryaci ya riga ya ninka tasa lambar. Abin da ke kama ƙarya shi ne idon jama'a. Baƙo daga Doso bai san wane ɗaki ne ya shekara uku ba rufi ba, amma duk unguwa ta sani. In aka karanta jerin a bainar jama'a a ƙofar mai gari, aka manna shi a ma'aikatar magajin gari, aka ba da 'yan kwanaki don ƙorafi, wanda aka manta zai fito, wanda ya yi cushe kuma zai ji kunya. Awo a fili yana kāre mai biya kamar yadda yake kāre mai karɓa.

Hujja ta uku ita ce ta hali: manomin Dan Kasari ina ya ga kuɗin ɗaukar mai ƙiyasi, ina ya ga na zuwa kotu? Shi kaɗai ba zai iya ba, kuma wannan ne ya sa aikin ya zama na taro. Mafi yawan hujjar da ake buƙata ba ta cin kuɗi, lokaci kawai take so, kuma lokacinta kafin damina ne: hoton rufi ta ciki da ta waje a wayar hannu, rasit ɗin kwano da katako, sunan kafintan da ya yi aikin, da sake duba darajar gini duk shekara ga mai inshora. Ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta manoma tana iya riƙe jerin farashin kayan gini na kasuwar gari, wata bayan wata, ta kuma haɗa kuɗi ta ɗauki mai ƙiyasi ɗaya wa mambobinta duka. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. A yankin Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, tsarin asusun da ya bazu har wajen Afirka, kuma ƙarfinsa shi ne ana buɗe akwati ana ƙirga kuɗi a gaban kowa. Waɗanda ke ƙyamar inshorar kasuwanci, bisa matsayar da majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta ɗauka a Jidda a 1985, suna da hanyar takaful, wadda aka fara a Sudan a 1979, CIMA kuma ta yi mata doka a 2019, bayan ta yi wa ƙaramar inshora ta masu ƙaramin ƙarfi a 2012. Amma takaful ma sai an auna asara kafin a biya, kuma in mai riƙe da asusu shi kaɗai ke awo, sunan ne kawai ya sauya.

Daga nan abin da ya kamata a nema a fili yake. Kada a auna asara sai mai ita yana tsaye, da shaida daga unguwa. A bar masa kwafin abin da aka rubuta, da bayanin kowane ragi da dalilinsa. A yi lissafi da farashin kasuwar da zai sayi kayan, har da ladan aiki da kuɗin mota. A buɗe gurbi a takardar ƙidaya don ɗakin da ya rasa rufi bai rushe ba. Tun da dokar sake gina ƙasa ta Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu sauran uzurin miƙa wa Ba'are yarjejeniyar da ba zai iya karantawa ba. Kamfanonin ma su ne za su fi cin riba, domin abin da ya hana mutane shiga inshora ya haɗa da labarin wanda ya biya shekara da shekaru, ranar asara aka ba shi abin da bai sayi rabin kwanonsa ba. Duk da haka, diyya mafi adalci ba ta hana iska ta dawo baɗi. Yadda ake ɗaure kwano da bango, da makomar azarar giginyar Dallol Mauri da ke ƙara tsada, da ginin ƙubba marar itace da aka fara gwadawa a Cikal ta yankin Filinge a 1980, su ne abin da babi na gaba zai duba.